Murar da ta ƙi tafiya: abin da shekara 11 na atishawa suka koya mani

Ni tela ne. Shagona yana ta wajen Ƙofar Marusa a nan cikin Katsina, kaftani da babbar riga nake ɗinkawa, da yara uku a ƙarƙashina. Duk wanda ya taɓa kawo mani ɗinki da safe ya san ni da hankici a kafaɗa. Shekara 11 na yi ina tashi da atishawa, in na fara bayan sallar asuba sai na jera 15 ban huta ba. Maiɗakina takan ce yarhamukallahu a ta farko da ta biyu da ta uku, daga nan sai ta ci gaba da hura wutarta, ta ce ai malamai ma sun ce in ta wuce uku mura ce. Inna kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, hukuncinta ɗaya ne tun farko: sanyi ne, in bar ruwan firiji da kwana gaban fanka. Na bari, ba abin da ya canza. Ashe alaji ne, wato borin da jiki ke yi wa abin da bai karɓe shi ba.

Allurar ɗinki na sani, ta asibiti ba tawa ba ce. Abin da zan faɗa na tsinto shi daga bakin likitoci biyu, da takardun cikin kwalin magani, da ɓarnar da na yi wa aljihuna da jikina kafin in je wurinsu. Ka ɗauke shi guzurin zuwa asibiti.

Fara da raba mura da alaji

Mura baƙuwa ce. Takan zo da ciwon maƙogwaro da kasala, wani lokaci da ɗan zazzaɓi, majina ta yi kauri bayan kwana biyu ko uku, cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 ta yi sallama. Alaji kuwa ɗan gida ne, kuma alamarsa ta farko ƙaiƙayi: cikin hanci, gefen ido, cikin kunne, da ganɗar nan da za ka ji mutum yana sosa ta da harshe yana wani gurnani a maƙogwaro. Majinar fara ce tas kamar ruwa, atishawar a jere take zuwa, babu zazzaɓi. Likitoci suna da ma'auninsu. In abin yana samun ka fiye da kwana 4 a mako, kuma ya wuce mako 4 a jere, to ya zama mai naci, kuma maganin da za ka sha yau ka manta gobe ba zai riƙe shi ba.

Garkuwar jiki ce ke yin kuskure. Kamar ɗan sintirin unguwa ne da ya hango mai tallan fura ya busa usur, gari ya tashi. Abu marar cutarwa ya shiga hanci, jiki ya ɗauke shi abokin gaba, ya saki wani sinadari mai suna histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da atishawa da yoyon hanci. Bayan sa'o'i kuma sai fatar cikin hanci ta kumbura. Wannan kumburin shi ne toshewar da ke hana ka barci, ka kwana baki buɗe, ka tashi maƙogwaro kamar an zuba rairayi. Ka riƙe bambancin nan na ƙaiƙayi da kumburi, don magungunan ma a nan suka rabu.

Bayan littafin awo

Likitan farko da na gani bai rubuta mani gwaji ba. Ce mani ya yi: "Malam, kana da littafi a shago?" Na ce akwai na awo. Ya ce in juya shi ta baya, kullum in rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa abin ya fara, ina nake, me na taɓa ko na shaƙa, kuma ya hana ni barci ko bai hana ba. Na raina aikin, amma na yi, tsakanin awon wuyan wani da tsawon wandon wani.

Wata biyu da rabi littafin ya tona abin da shekaru ba su nuna mani ba. Ranar da na zauna yankan yadi mai kauri, ko na jawo tsofaffin ragowar yadi daga ƙasan kanta, da azahar na gama yawo. Daren Alhamis da ake turara ɗaki, toshewa har asuba. Cikin watan Agusta, lokacin da bangon ɗakinmu na gabas ke jiƙewa ya yi baƙin fumfuna, abin ya ninka. Mafi ban mamaki, na yi mako guda a Daura wajen bikin ƙanwar maiɗakina, ina kwana kan tabarma a zaure, atishawar asuba ta kusa ɓacewa. Na dawo katifata, kwana biyu ta dawo. Ashe da ɓarawon nake kwana.

Cikin katifa da filo da kafet akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, suna cin ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu, kashinsu ne ke tada alaji. Laima suke so, shi ya sa damina ta fi yi masu daɗi. Kyankyasai ma haka, kashinsu da gaɓɓansu in sun bushe sukan zama ƙura. Sai kyanwa, sai doki, sai tantabaru ga masu kiwonsu a soro, sai ƙaiƙayin gero lokacin sussuka da sheƙa.

Ƙurar hunturu lissafinta daban. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, da yawa daga wani busasshen kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele, ta lulluɓe mu daga Nuwamba har wajen Maris. Ita da hayaƙin itace da turare da maganin sauro na kunnawa suna iya fusata hancin kowa, ko ba shi da alaji. Mai alaji dai hancinsa a kumbure yake tun farko, kaɗan ya ishe shi.

Abin da na yi bai fi ƙarfin talaka ba. Na naɗe kafet na bayar, na shimfiɗa leda. Tsohon filon audugar rimi da na gada tun ina saurayi na jefar. Zanen gado da rigar filo duk mako sai ruwan zafi, don ruwan sanyi ba ya kashe ƙwarin nan, sai zafin ya kai kamar digiri 60. Katifa tana fita rana. A shago na hana yara shara a bushe: a yayyafa ruwa tukuna, keke da tebur a goge da tsumma mai laima, a bar kaɗe su da tsumma busasshe. Na bar maganin sauro na kunnawa, na koma gidan sauro. Ranar yankan yadi da ranar hazo ina sa takunkumi, ko abokai za su yi tsiya su ce korona ta wuce.

Turaren wuta ne ya so ya zama shari'a. Da na ɗauko maganar, maiɗakina ta ajiye ludayi ta ce: "Maigida, so kake mata su shigo su ce ɗakina na warin daddawa?" Gaskiyarta. Mace a garin nan da kaskon turarenta aka san ta, kuma wanda ya ce a daina kwata-kwata bai shirya zaman lafiya ba. Muka daidaita: ta turara ɗaki da la'asar ina shago, tagogi a buɗe, kasko ya fita kafin magariba, kayan sawa kuma a turara su a tsakar gida. Duk wannan ya rage mani wahala sosai, amma bai kore ta ba. Duk wanda ya ce maka tsabta kaɗai za ta warkar da mai alaji mai naci, bai taɓa yin sa ba.

Ruwan gishiri

Wannan ya fi komai araha, kuma shi mutane suka fi rainawa. Mu da muke shaƙa ruwa a alwala sau biyar a rana ba baƙon abu ba ne gare mu, sai dai wannan ya fi zurfi, kuma ruwan yana da ma'auni: giram 9 na gishiri a lita ɗaya. A aikace, rabin lita, wato yawan ledar fiyawota ɗaya, da ƙaramin cokalin shayi na gishiri a shafe, bai cika ba. Dole ka tafasa ruwan ka bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ruwan rijiya ko na famfo da ba a tafasa ba, ciki na iya jure shi amma zurfin hanci ba wurinsa ba ne. Kada ka sa kanwa, kada ka sa wani gari.

Sirinji babba nake amfani da shi, wanda aka cire wa allura. Ka sunkuya kan baho, ka karkata kai, baki a buɗe, ka tura ruwan a hankali ta ƙofar hancin da ke sama ya fito ta ɗayar. Ka juya. Ka face a hankali. In ya yi yaji, gishirin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Kullum sabo ake haɗawa, sirinjin a wanke a shanya. Ina yi da dare in na dawo daga shago, kuma abin da ke fitowa ranar da na yanka baƙin yadi ba na son in kwatanta.

Ƙwayoyi

Kowa da Piriton ya fara, sunan maganin chlorpheniramine. Yana da araha, yana aiki, amma aikinsa na sa'o'i 4 zuwa 6 ne, kuma yana sa barci. A goman ƙarshe na wani azumi, ɗinkin sallah ya taru, na sha bayan tarawi na hau keke. Ban san lokacin da ido ya rufe ba, sai allura ta ratsa farcen manuniyata. Tabon yana nan. Ni farce na huda. Ka tuna da ɗan acaɓa, da mai Keke Napep, da direban da zai ɗauki hanyar Kano da asuba. Dattawa masu matsalar fitsari ma yakan ƙara riƙe masu shi.

Akwai na baya-bayan nan da ake sha sau ɗaya a rana. Zan rubuta sunayensu yadda suke a kwali don ka gane su: cetirizine da loratadine, miligiram 10 ga babba, sai fexofenadine. Cetirizine yakan sa wasu ɗan gyangyaɗi, ni ina cikinsu, shi ya sa na koma loratadine. In ɗaya bai karɓe ka ba bayan mako biyu, ka gwada ɗayan, jiki ya bambanta. Fexofenadine da ruwa ake shan sa, ruwan lemo na rage shigarsa jiki. Na yara ma'auninsu daban, kada ka ɓalle naka ka ba yaro da ka. Mai juna biyu ta tambaya a wurin awo. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Ƙwayoyin nan gwanaye ne wajen atishawa da ƙaiƙayi da yoyo. Wajen toshewa ƙarfinsu kaɗan ne. Shekaru na yi ina ƙara yawan ƙwaya ina jiran hanci ya buɗe, ashe ba aikinta ba ne. Haɗaɗɗun magungunan mura masu pseudoephedrine sukan buɗe shi, amma suna tada hawan jini da bugun zuciya, ba na kullum ba ne.

Feshi iri biyu ne, kada ka haɗa su

A kanta ɗaya suke zama, kwalabensu sun yi kama, halinsu kuwa hannun riga.

Na farko shi ne irin su Otrivin, wato xylometazoline, da ɗan'uwansa oxymetazoline. Ka fesa, kafin ka mayar da murfi hanci ya buɗe wayam. Ranar da na fara gano shi har addu'a na yi wa mai kemis. Matse jijiyoyin jinin hanci yake yi, in ƙarfinsa ya sake sai su kumbura fiye da da, sai ka ƙara fesawa. Wasu likitoci kwana 3 suke cewa, wasu 5, mafi yawa ba sa yarda a wuce mako ana fesa shi. Ni na yi wata 7. Kwalba ɗaya a aljihun kaftani, ɗaya ƙarƙashin filo, ɗaya cikin durowar keke. Ranar da na manta ta a gida na tafi ɗaurin aure Batagarawa, sai da na bar mutane na shiga neman kemis. Rabuwa da shi ta fi rabuwa da goro wuya. Likita ya sa ni na fara ɗaya feshin, na daina wannan a hanci guda tukuna ina numfashi da ɗayan, sannan na biyun. Kusan mako biyu ina kwana a jingine.

Na biyu shi ne feshin sitiroyid na hanci: fluticasone, mometasone, beclometasone, budesonide. Ga mai alaji mai naci da toshewa, wannan shi ne ginshiƙi, don kumburin yake lallashi. Aibinsa ɗaya a idon mutanenmu, ba ya burgewa. Ka fesa yau ba ka ji komai ba, gobe ma haka. Sai bayan kwanaki za ka fara jin sauƙi, cikakken aikinsa yakan kai mako biyu, kuma kullum ake yi, har ranar da ka tashi garau. Na san mutum uku da suka saya suka jefar a kwana na uku suka ce jabu ne.

Yadda ake fesawa rabin maganin ne. Ka wanke hanci da ruwan gishiri ko ka face, ka ɗan dakata. Girgiza kwalbar. Sunkuyar da kai kaɗan kamar mai duba yatsun ƙafarsa, kada ka ɗaga shi sama. Hannun dama ya fesa wa hancin hagu, hannun hagu ya fesa wa na dama, bakin kwalbar yana kallon wajen kunne, nesa da bangon tsakiya da ya raba ƙofofin biyu. Masu fesa wa bangon nan su ke samun haɓo, musamman da hunturu da hanci ke bushewa. Shaƙa a hankali kamar mai sansanar turare a hannun mai sayarwa. In ka ji ɗaci a maƙogwaro, ka zuƙa da ƙarfi, maganin ya wuce inda ake son sa.

Ga lissafin kuɗi, don shi ke korar mutane. Kwalbar ta fi katin Piriton tsada nesa ba kusa ba. Amma mai feshi 120, in kana yin biyu-biyu a kowane hanci sau ɗaya a rana, wata guda take yi. In abin ya lafa likita ya mayar da kai ɗaya-ɗaya, wata biyu. Da na haɗa abin da nake kashewa a kemis duk mako da ranakun da na kasa ɗinki, sai na ga kwalbar ce mai araha. Da azumi kuma, tunda sau ɗaya ne, bayan shan ruwa nake yi, ban ma shiga saɓanin malamai ba.

Haɗin kemis

A nan na fi cutuwa, don haka zan daɗe.

Akwai wani kemis da nake zuwa, ba zan faɗi layin ba. Da ka ce mura, sai a ƙulla maka leda: fara ɗaya, rawaya ɗaya, kafso mai kala biyu, da wata 'yar ƙarama. A ce safe da yamma. Wallahi yana aiki kamar yankan wuƙa. Washegari hanci a buɗe, jiki garau, ci kamar gara. In ya ƙare bayan kwana huɗu abin ya dawo, in koma. Na fi wata 8 a haka. Fuskata ta cika ta yi zagaye, tumbi ya fito, masu kawo ɗinki suna cewa tela ya samu duniya. Har Yaya ya ja ni gefe ya ce in an samu kwangila a riƙa tunawa da 'yan'uwa.

Ciwon kai ne ya kai ni asibiti. Aka auna jini ya hau, suga yana bakin iyaka. Likitar ta ce in kawo abin da nake sha, na zazzage mata ledar kan tebur. Ta ɗauki 'yar ƙaramar ta ce: "Baba, wannan dexamethasone ce. Wata nawa kana sha?" Da na faɗa, sai ta ajiye biro. Ita ce ƙwayar da wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. Da ita da prednisolone sitiroyid ne na sha, masu ratsa jiki duka. In an daɗe a kansu suna kawo hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi, yanar ido, da sauƙin kamuwa da cuta. Sunan iyali ɗaya suke da feshin hanci, amma feshin ɗan mitsitsi ne kuma a hanci yake tsayawa, kaɗan ƙwarai ke shiga jini.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne da na ce daga yau na bari, ta ce a'a. Wanda ya wuce kamar mako uku yana sha, jikinsa ya rage yin nasa sitiroyid ɗin na halitta, in ya yanke rana ɗaya zai iya faɗuwa. A hankali ta riƙa rage mani. In kana cikin wannan hali yanzu, kada ka jefar da ledar, ka ɗauke ta ka kai wa likita.

Kafson kuwa antibayotik ne, kuma alaji ba ƙwayar cuta ba ce balle ya kashe ta. Wata 8 ina shan sa a banza. Haka allurar nan da ake cewa in an yi maka ka huta wata uku, sitiroyid ce mai daɗewa a jiki. In ta shiga ba a fitar da ita, ko ta ɓata maka. Ƙwararrun alaji ba sa ba da shawarar ta don ciwon hanci. Ƙa'idata yanzu, ba na haɗiye ƙwayar da aka ɓalle daga katinta ban ga sunanta ba.

Haka abin yake a ido. Babban ɗana tun yana shekara 6 yake murza ido, farin idon ya yi ƙasa-ƙasa, rana na damun sa, abin ya fi tashi da zafi. Irin wannan ya yi yawa a yaranmu, musamman maza. Saura kaɗan in saya mashi ɗigon da maƙwabci ya yaba, sai na karanta kwalin na ga dexamethasone a ciki. Ɗigon sitiroyid in an daɗe ana sa wa ba mai auna ido, yana iya kawo hawan jinin ido da yana, kuma ganin da hawan jinin ido ya ci ba ya dawowa. Likitan ido ya ba shi sodium cromoglicate, akwai kuma olopatadine, da shawarar tsumma mai sanyi kan ido maimakon murza. Ko ya rubuta na sitiroyid, na ɗan lokaci ne yana dubawa.

Montelukast ma ana rubutawa, ya fi dacewa da mai haɗe da asma. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa mashi gargaɗi mafi girma saboda yana iya kawo munanan mafarkai, damuwa da sauyin hali. In an ba yaronka, ka sa ido. Na gargajiya kuwa, shayin citta da kanumfari da zuma ina sha har gobe, yana yi wa maƙogwaro daɗi. Sirace yakan sassauta na ɗan lokaci, amma a kula da yara da tafasasshen ruwa. Ɗiga ruwan tafarnuwa a hanci na gwada sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Inda za ka ajiye dabara ka nufi asibiti

Hanci da ƙirji hanya ɗaya ce. In kana tari da dare, ƙirji na kuka kamar usur, ko numfashi na sarƙewa in ka hau bene, a duba ka ko asma ce. Mai asma da kullum hannunsa ke kan Ventolin, inhelar nan mai buɗe ƙirji nan take, asmarsa ba ta lafa ba, akwai inhelar rigakafi da ya kamata a ba shi. Wasu masu asma aspirin da ibuprofen na tada masu ita. Tarin da ya wuce mako biyu, balle da rama da gumin dare, a gwada tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Toshewar hanci guda kaɗai, majina da jini a kai a kai, daina jin ƙamshi, ko ciwon fuska da zazzaɓi, waɗannan na likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. Yaro mai majina mai wari ta hanci ɗaya, sau da yawa wake ko dutsen ado ya tura. A nan akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, a Kaduna kuma akwai cibiyar kunne ta ƙasa da cibiyar ido ta ƙasa in an tura ka gaba. Tiyata tana cire tsiro ko ta gyara karkataccen bangon hanci, amma alajin yana nan bayanta.

Akwai kuma wanda ba ya jira. Mutum ya ci gyaɗa ko kifi ko ƙwai, ko ya sha wani magani, ko zuma ta harbe shi, sai borin jini ya feso, leɓe da harshe suka kumbura, murya ta shaƙe, jiri ya kama shi. Wannan asibiti ne nan take, allurar adirenalin a cinya ke ceto. Piriton da manja ba za su tare shi ba.

Gwaji da rigakafi

Ana gwajin fata: a ɗiga abubuwan da ake zargi a hannu, a ɗan tsaga, bayan minti 15 zuwa 20 wanda jikinka ya ƙi sai ya tashi kamar cizon sauro. Sai an daina ƙwayoyin alaji kwanaki kafin a yi. Akwai na jini ma. Kafin ka hau motar Kano ko Zariya dominsa, ka buga waya ka tabbatar ana yi. Ni da na matsa, likitar ta tambaye ni: in sakamako ya ce ƙurar katifa ce, me zan canza da ban riga na canza ba? Na rasa amsa, na riƙe kuɗina. Amma maƙwabcina da ke tunanin sayar da tantabarunsa na shekara 20, ko uwar da ke hana yaro ƙwai da madara da gyaɗa bisa zato, su gwajin ya cancanci kuɗinsa.

Sai babban magani, wanda ake saba wa jiki da abin da yake ƙi, kaɗan-kaɗan, ta allura ko ƙwayar ƙarƙashin harshe. Tsohon abu ne, wani likita Leonard Noon ya fara shi a Landan a 1911, kuma shi kaɗai ke iya sauya halin ciwon ya daɗe bayan an daina. Sai dai shekara 3 ne aƙalla, sai gwaji ya nuna takamaiman abu, allurar sai a inda za a iya ceton ka in jiki ya yi bori, kuma ba ruwansa da hayaƙi ko ƙurar hunturu. Ga tsada. Wanda feshi da ƙwaya suka riƙe kamar ni, ban ga dalilin ya bi wannan doguwar hanya ba. Wanda ya yi wata uku yana komai daidai bai samu sauƙi ba, shi ya dace ya tada maganar da likita.

Yanzu tun tsakiyar Oktoba nake fara feshi, mako biyu kafin hazo ya sauko, in riƙe har Maris, in sake ɗauka da ruwa ya zauna a Yuli. Loratadine sai ranar yanka ko ranar da na tashi da ƙaiƙayi. Ruwan gishiri kullum. Atishawar asuba takan tsaya a biyu ko uku, maiɗakina tana samun ladanta cikakke. Abin da ya rage mani bangon nan na gabas. Mai gidan ya yi alkawarin gyara kafin ruwan farko, kamar yadda ya yi bara, ni dai na sayi siminti buhu biyu na jingine a zaure inda zai gani in ya zo karɓar haya.